Bayan abin da Microsoft suka nuna a E3, in haƙura da Xbox One in koma PS4?

Sarkin Falo | Laraba, 12 ga Yuni, 2013

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana biyu ke nan maganar nan tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan ko wani zai hango min abin da ban hango ba.

Tun 2008 nake kan Xbox 360. Tsofaffin gidan nan sun san irin musun da na sha da mutanen PlayStation, har akwai wanda ya yi wata guda ba ya amsa min magana saboda Halo. Tun farkon shekarar nan nake ware ɗan wani abu duk ƙarshen wata, don in sabuwar na'ura ta fito kada in tsaya kallon mutane. Ranar Litinin da Microsoft suka hau dandamalin E3, babban taron baje kolin wasannin bidiyo, a Los Anjelis don nuna sabuwar na'urarsu Xbox One, kashe wayata na yi na zauna na kalla daga farko har ƙarshe.

Wasanni kam sun nuna, ba zan ci haƙƙinsu ba. Da Metal Gear Solid V suka buɗe, Snake a kan doki a Afganistan, suka rufe da Titanfall, wanda na maimaita bidiyonsa ya fi sau biyar. Ga Forza 5, ga Dead Rising 3, ga Killer Instinct da aka tono bayan shekara da shekaru, ga ɗan guntun Halo. Sauti ya ɗauke musu sau biyu, a Crimson Dragon da Battlefield 4, wannan bai dame ni ba, yana iya samun kowa. Sai aka zo kan kuɗi, aka ce dala 499. Ɗakin taron ya yi tsit, ni ma na yi tsit.

Amma wallahi ba kuɗin ne ya kashe min jiki ba. Abin da suka ƙi taɓawa a kan dandamalin ne, wato ƙa'idojin da suka fitar a rubuce ranar 6 ga wata. Dole na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba ta daina buga gem, ko da kai kaɗai kake bugawa, ko da faifan da ka saya da kuɗinka ne. Talabijin da fim za su ci gaba da yi, gem ne kawai ba zai yi ba, a na'urar gem! In kana son ka ba abokinka faifai, sai ya kai kwana 30 a jerin abokanka, kuma sau ɗaya tak ake bayar da kowane wasa, shi ma sai kamfanin da ya fitar da wasan ya yarda. Aro kuwa sun ce babu shi a farkon fitowa.

Da na gama karantawa sai na ɗaga kai na dubi kantata. Faifai 31 na ƙirga. A ciki guda 12 ne kawai na saya sababbi a leda. Sauran ko na hannu ne, ko musaya na yi, ko kyauta. Akwai kwalin Gears of War 2 da murfinsa ya tsage na liƙe da salatif, na ƙanena ne, ya ba ni ya karɓi Fable II, babu wanda ya nemi izinin kowa. Akwai gurbi guda a tsakiya, wajen Red Dead Redemption, wani abokina ya ara wata takwas da suka wuce, kullum sai ya ce gobe. Da haka muka san wasannin nan. Rabin abin da na buga a rayuwata da aro na fara shi, daga baya in ya kama ni in sayi nawa, ko in sayi na biyunsa ranar da ya fito.

Ga kuma aikina. Yakan kai ni inda zan yi sati biyu ko uku babu sabis ko na kiran waya. Nakan saka 360 ɗina a jaka, in an tashi aiki da dare in buga awa ɗaya in kwanta. Da sabon tsarin nan, daren farko kawai zan mora.

Ina cikin wannan sai ga hirar da Don Mattrick, shugaban sashen Xbox, ya yi da ɗan jarida Geoff Keighley. Aka tambaye shi waɗanda ba su da intanet fa, sai ya ce ai suna da na'ura ta irin waɗannan mutanen, sunanta Xbox 360. Har ya kawo misalin wani da ke aiki a jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, kamar sai wanda ke ƙasan teku ne intanet ke yanke wa. Shekara biyar ina kare kamfanin nan a wajen musu, yau shugabansu ya ce in zauna inda nake, tafiyar ba da ni ba ce. Na je na duba jerin ƙasashe 21 da suka ce za a fara da su a Nuwamba, babu ƙasar Afirka ko ɗaya, babu Japan, babu ma Foland, alhali The Witcher 3 da suka yi taƙama da shi a taron 'yan Foland ne suka yi shi.

Na hana idona barci na kalli taron Sony, masu PS4. Jack Tretton, shugaban PlayStation na Amurka, ya ce faifan hannu zai yi, babu leƙa intanet, sannan aka ce kuɗi dala 399. Yadda mutane suka ɓarke da tafi da ihu sai ka ce an ci ƙwallo a minti na 90. Ni kuwa ina zaune ni kaɗai ina jin kunya kamar ni na tsara wa Microsoft abin.

To ga tambayata. In tattara in koma PS4, in bar makin da na tara a akawun ɗina da abokan da nake bugawa da su? Ko akwai wani alheri a tsarin nan da fushi ya rufe min ido ban gani ba? Don Allah masu zagi su ɗaga min ƙafa, na riga na zagi kaina.

---

Baban Ummi | Laraba, 12 ga Yuni, 2013

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ne wanda ya yi wata guda bai kula ka ba, kuma ka ga ban zo da dariya ba, ko da yake na yi ta a ɗaki.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun taron 21 ga Mayu da suka fara nuna na'urar na san akwai matsala. Kusan awa guda ana talabijin, ana ƙwallon Amurka, ana Skype, sai a ƙarshe aka nuna mana karen Call of Duty. Mutanen nan falon Ba'amurke mai kebul suke hange, ba ni da kai ba.

Amma kada tafin nan ya ruɗe ka. Ni na ga 2006 da idona. Sony ɗin nan da ake wa kirari yau, su ne suka tsaya a E3 suka ce PS3 dala 599, suna jin duk abin da suka ajiye sai an saya saboda PS2 ta sayu fiye da miliyan 100. Sai da suka yi shekaru suna biyan bashin wannan girman kan. Abin da ya kama su a lokacin shi ne ya kama Microsoft yanzu, wanda ya ci zagayen baya sai ya ɗauka jama'a tasa ce.

Kuma ka lura da abin da suka cusa a tsakiyar ihun? A PS4 sai kana biyan PlayStation Plus za ka buga da mutane ta intanet, kusan dala 50 a shekara. A PS3 kyauta muke yi, da shi ma nake yi maka gori. A jikin allo aka rubuta shi, a daidai lokacin da kowa ke tsalle. Da wata shekarar ce da an yi wata guda ana zaginsu a kai. Sannan abin da aka tafa musu ɗin, me suka ƙara? Ba su ƙara komai ba, cewa kawai suka yi za su bar mu yadda muke. Ɗan bidiyon nan na daƙiƙa ashirin da 'yan kai, da manyan Sony biyu suka yi, Shuhei Yoshida ya miƙa wa Adam Boyes faifai wai ga yadda ake aron wasa, ya ba ni dariya, amma talla ce.

Shawarata, kada ka ba kowa kuɗinka yanzu. Faifanka 31 ba za su yi a Xbox One ba, nawa na PS3 ma ba za su yi a PS4 ba, ka ga ko ina ka nufa daga farko za ka fara. Nuwamba da nisa, da sauran rina a kaba.

---

Injiniya | Alhamis, 13 ga Yuni, 2013

Na san za a yi min ca, amma bari in faɗi abin da ba a faɗa ba.

Malam Sarkin Falo, ka tambayi kanka me ya sa ake leƙen nan na awa 24? A Xbox One faifai ba shi ne wasan ba, abin ɗauko wasan ne kawai. Ka saka shi sau ɗaya, ya juye gaba ɗaya a na'ura, ya shiga akawun ɗinka, shi ke nan ka mayar da shi kwali. Ba tashi canza faifai, ba fargabar ya karce. Ka je gidan wani ka shiga da akawun ɗinka, wasanninka na nan. To in babu mai dubawa, me zai hana mutum goma su juye faifai ɗaya, na ƙarshe ya kai kasuwa ya sayar? Dole a sami hanyar sanin wa ke da shi a yau. Ba mugunta ba ce, lissafi ne.

Kuma ba ka ambaci tsarin iyali ba. Sun ce za ka iya saka mutum har goma su riƙa buga wasanninka daga tasu na'urar, ko ina suke. Ƙanenka ba sai ya zo ya karɓi faifai ba, ko yana wata ƙasa zai buga. Wannan ai ya fi aro.

Batun na hannu kuma, in shagunan gem irin su GameStop suka sayi faifai a wajenka da araha suka sayar wa wani da tsada, ko sisi ba ya komawa ga waɗanda suka shekara uku suna haɗa wasan. Shi ya sa tun 2010 kamfanin wasanni na EA suka ƙirƙiro lambar nan ta dala 10 ga wanda ya sayi na hannu yana son buga ta intanet, sai watan jiya suka janye ta. A kwamfuta kuwa shekara nawa muna sayen wasa a kantin intanet na Steam? Ba ka sayar da wasa, ba ka ba da aro, kuma ba a taɓa yin zanga-zanga ba.

Inda na yarda da kai shi ne bakinsu. Ba su iya bayani ba ko kaɗan. Tun Mayu kowane babba a kamfanin da tasa amsar, kuma abin da ya fi kyau a tsarin, wato na iyalin nan, ko minti ɗaya ba su ba shi a kan dandamali ba. Maganar Mattrick kuwa ko ni ba zan iya wanke ta ba.

---

Hajjo | Alhamis, 13 ga Yuni, 2013

Injiniya, da girmanka, amma kwatancen Steam ɗin nan bai zauna ba. Steam na da yanayin bugawa ba intanet. Kuma a kwamfuta in Steam suka tsawwala, ga GOG, ga Amazon, ga Humble Bundle, gasa ce ta sa suke karya farashi. A Xbox kanti ɗaya ne, mai shi ɗaya. Abin da ke jawo farashin faifai ƙasa shi ne na hannu da ke yawo a kasuwa. In an kashe wannan, wa ya yi maka alkawarin ragi? Ban ji sun faɗa ba.

Sannan kowa yana maganar intanet ɗin mai saye, an manta da nasu ɓangaren. A watan Maris ɗin nan SimCity ya fito da sharaɗin sai da intanet, sabobin EA suka kasa ɗauka, mutane suka biya kuɗi suka zauna kallon layi, har Amazon suka dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci, EA suka koma ba da wasa kyauta don ba da haƙuri. Bara Diablo III ya yi irin wannan a ranar fitowarsa. A 2011 da aka yi wa Sony kutse, PSN, wato hidimar intanet ta PlayStation, ta yi kwana 23 a rufe. Abin da ya ceci mutane a lokacin shi ne faifansu bai san an rufe komai ba, ka saka ka buga. A ce tsarin awa 24 ne fa? Kuma shekara goma sha biyar nan gaba, ranar da suka ga dama suka kashe sabobin, me kantar mutum za ta zama?

Ni abin da ya fi tsaya min ma Kinect ne, kyamarar nan ta Xbox mai gane motsi da murya. Muna da ta 360, yarana suna tsalle-tsallensu a gabanta, in sun gama in zare in saka a durowa. Wannan sabuwar an ce dole tana jone na'urar za ta yi aiki, kuma ko an kashe tana sauraron a ce mata ta kunna. Sun ce ana iya dakatar da ita a saiti, na ji. Amma a ranar da suka fitar da ƙa'idojin nan, a ranar jaridu suka fasa labarin PRISM, shirin leƙen asirin Amurka, kuma sunan Microsoft ne na farko a jerin kamfanonin. Sun musanta cewa suna buɗe wa gwamnati komai, to. Tun kafin wannan ma kwamishinan kare bayanan jama'a na Jamus, Peter Schaar, ya ce na'urar sa ido ce. Ni dai kyamara da makirfo a falona, inda nake zama yadda na ga dama, ba zan biya ƙarin dala 100 a kawo min su ba. Don ƙarin kuɗin nan na Kinect ne, Sony sun cire tasu kyamarar daga kwali suna sayar da ita daban.

Sarkin Falo, makin akawun ba ya bin mutum ko'ina, kada ya riƙe ka. Abokai kuwa ka tambaye su, ina zargin rabinsu suna can suna irin wannan tunanin.

---

Ɗan Autan Gida | Juma'a, 14 ga Yuni, 2013

Yaya Sarkin Falo, ni fa gani nake Microsoft taimakonka suke so su yi. Da tsarinsu ne da Red Dead ɗinka bai yi wata takwas a gidan mutane ba.

Ku yi ta yi, ni The Last of Us ya fito yau a PS3, kada wanda ya neme ni sai Litinin.

---

Sarkin Falo | Alhamis, 20 ga Yuni, 2013

To jama'a, kun ji dai. Jiya Mattrick ya fitar da sanarwa, sun lashe amansu. Babu leƙen awa 24, sau ɗaya kawai za a jona na'urar da intanet ranar da aka fara kunna ta. Faifai zai yi aiki yadda yake yi a 360, ka ara, ka sayar, ka kyautar. Sun cire shingen ƙasa da ƙasa ma. Kwana tara tsakanin taron da wannan. Abin da aka yi ta ce mana shi ne ginshiƙin na'urar, ba ya taɓuwa, ashe yana taɓuwa.

Yaya Baban Ummi, ka faɗa, na gode da ka hana ni gaggawa. Na yarda kuma ba don sun ji tausayin wani mai aiki a inda babu sabis suka janye ba. Ina kyautata zaton odar da mutane suka fara yi ce suka duba, hankalinsu ya tashi.

Injiniya, ka yi haƙuri, naka ya tafi da namu. Tsarin iyali na mutum goma sun cire shi, kuma dole faifai yana ciki kafin wasa ya tashi. Na sake karanta bayaninka sau biyu, kuma gaskiya ka fi su iya faɗa. Da sun ce wanda ya sauke wasa ta intanet ya bi sabon tsari da rabonsa na iyali, wanda ya sayi faifai a bar shi da faifansa, da ban buɗe wannan maganar ba tun farko. Ban san me ya hana su ba. Sai suka kwashe duka, kamar yaron da aka ce ya ba ƙaninsa ƙwallo ya buga, ya ce to an fasa wasan.

Hajiya Hajjo, naki bai motsa ba. Kinect na nan a kwali, kuɗi na nan 499. Na kuma tambayi abokan nawa kamar yadda kika ce. A cikin mutum shida da muke haɗuwa daren Asabar, huɗu sun ce PS4, ɗaya ya ce Titanfall ba zai bar shi ya tafi ba, ɗaya ya ce shi aure zai yi, mu ƙyale shi.

Ni kuma abin mamaki, na ɗauka in suka janye zan ji sanyi, sai na ji ba haka ba. Sanarwar ta gyara ƙa'ida, amma ba ta goge hirar nan daga kaina ba. Na riga na ji yadda suke kallon irina in suna ganin ba mai ja da su. Abin da aka cire cikin kwana tara, ana iya mayar da shi cikin kwana tara, tunda duk a manhaja yake. Sony ma ban ce waliyyai ba ne, Yaya ya tuna min.

Don haka kuɗin na nan inda suke, ban ba kowa ba. GTA V zai fito 17 ga Satumba a kan 360, shi zai riƙe ni har ƙarshen shekara, kun ga ke nan na bi shawarar Mattrick ba da niyya ba. In na'urorin biyu sun fito, waɗanda suka fi ni zafin nama sun saya sun yi wata uku da su, sai in ga wadda zan ɗauka. A yau dai zuciyata ta fi karkata wajen PS4, kuma Yaya don Allah kada ka ɗauki hoton wannan layin.

Auta, na kira mutumin jiya da daddare a kan Red Dead. Ya ce ai tuni ya ba wani ɗan'uwan matarsa aro, amma in sha Allahu gobe.